Tiyon birki: ƙarfen da ba a dubawa sai ya fashe

Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, hanya hawa ce da gangara. Wanda ya taɓa saukowa daga tudun Adar a bayan tsohuwar bashe, bisa buhunan albasa, ya san cewa ran fasinja ashirin yana rataye ga ƙafar direba ɗaya. Ita kuma ƙafar tana dogara ga wani siririn tiyon ƙarfe wanda kaurinsa bai kai milimita 5 ba.

Motocin nan sun manyanta. Peugeot 404 ta fito a 1960, bashen 504 a 1979, kuma da yawa daga cikinsu sun shigo ne daga Kaduna, inda aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Tun da darajar Sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994, kayan gyara suka yi tsada, masu mota suka koyi lallaɓawa. Injin yakan sami kulawa, don idan ya tsaya babu abinci. Tiyon birki kuwa yana ƙarƙashi, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi.

Mutane na mamakin tsatsa a ƙasar da ruwan sama bai wuce wata huɗu ba. Amma taɓon ƙoramun Maggiya da na Tarka yana maƙalewa tsakanin tiyo da shasi, musamman bayan tankin mai da wurin ƴan maɗaurai, ya riƙe danshi kwana da kwanaki. Gishiri, kanwa da takin zamani da ke zubowa ta ramukan bodi su ƙarasa aikin. Ta ciki ma ana cin ƙarfen: man birki, wanda makanikai ke kira lokid, yana shan laima, in ya shekara biyu ba a sake shi ba. Ranar da direba ya taka da ƙarfi, wurin da ya rube ya huje, birki ya nutse har ƙasa. A tsofaffin motoci masu hanyar mai guda, ƙafafu huɗu ke tafiya lokaci ɗaya.

Dabarun bakin hanya sanannu ne: a lanƙwasa tiyon a matse shi, mota ta koma tafiya da birkin gaba kaɗai, a liƙe hujin da walda, a zuba ruwan sabulu maimakon lokid. A ce don a kai mota gari ne. Abin takaici, sau da yawa gyaran wucin gadi yakan kwana har kasuwar Tunfafi ta gaba, da wadda ke bin ta. Man injin ya fi muni, domin yana kumbura robobin birki duka.

Gyaran gaskiya bai wuce aikin wuni ba. Ana cire tiyon gaba ɗaya daga mahaɗa zuwa mahaɗa, bayan an jiƙa notinsa da mai tun da safe, don tsatsa kan sa su murje a bakin kile. Ana auna sabo bisa tsohon, a lanƙwasa shi sannu ba tare da ya karye ba, a buɗa bakinsa ninki biyu da na'urar da aka yi don haka. Jan ƙarfe zalla, irin na firiji, bai dace ba: girgizar hanyar tsakuwa tana tsaga shi. Wanda aka gauraya da nikel, irin da Volvo ta fara sawa a 1976, ba ya tsatsa, kuma yana lanƙwasuwa da hannu.

Saura fitar da iska. Yaron mota yana taka birki, maigida yana kwance ƙarƙashi yana buɗe ƴar mazurarar kowace ƙafa, daga wadda ta fi nisa da direba, har mai ya fito ba kumfa. Sannan a taka da ƙarfi, a riƙe minti guda. In ƙafa ta ci gaba da sauka, akwai yoyo, mota ba ta shirya hawan Buza ba.