Kujerar Milwaukee da Bashin Fansho

A ƙarshen 2001 aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin maganar, kafin Janairun 2002 ya ƙare kuwa ba a zancen komai sai ita a gundumar Milwaukee ta jihar Wisconsin a Amurka. Ashe tun a 2000 majalisar gundumar ta amince da wani sabon tsarin fansho wanda zai ba manyan ma'aikata dunƙulallen kuɗi ranar ritaya, ban da abin da za su riƙa karɓa duk wata. Shugaban gundumar na lokacin, Tom Ament, an lissafa zai iya tashi da sama da dala miliyan 2 idan ya daɗe a kujera. Jama'a suka harzuƙa, fiye da mutum dubu ɗari suka sa hannu a takardar kiranye. Ament bai tsaya an kai ga ƙuri'a ba, ya ajiye aiki a watan Fabrairu. Daga baya aka yi wa ’yan majalisar gundumar bakwai kiranye.

Wannan bashi ne ya buɗe wa ’yan majalisar jiha biyu ƙofar ofis ɗaya, shekara 18 tsakaninsu, kuma shi ya tsara wa kowannensu irin mulkin da zai yi.

Sai dai a fara sanin mece ce gunduma a can. Mai karatu zai yi saurin kwatanta ta da ƙaramar hukuma, kwatancen kuma bai yi nisa da gaskiya ba, amma nauyin ba ɗaya ba ne. Wisconsin tana da gundumomi 72, Milwaukee ce mafi yawan jama'a, kusan mutum 940,000 a ƙidayar 2020, da birane da ƙauyuka 19 a cikinta, kowanne da nasa shugabannin. Gunduma ce ke tafiyar da motocin bas na haya, da filin jirgin sama na Mitchell, da gidan zu, da gidan yari, da wuraren shaƙatawa sama da 150, da kula da masu taɓin hankali. An ƙirƙiro ofishin shugaban gunduma a 1960. Shi ke rubuta kasafin kuɗi, ya naɗa shugabannin sassa, yana kuma da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan abin da majalisar gunduma ta zartar. Zaɓensa ba a sa sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a, ko da yake kowa ya san inda kowa ya dosa.

Wanda aka zaɓa ya gaji Ament shi ne Scott Walker, ɗan wani fasto, wanda ya bar Jami'ar Marquette a 1990 bai kammala digiri ba. Ya shiga majalisar dokokin jiha a 1993 ta zaɓen cike gurbi yana da shekara 25, yana wakiltar Wauwatosa da ke gefen birnin Milwaukee. Shekara tara ya yi yana ɗaya daga cikin wakilai 99. A irin wannan zauren mutum na iya ƙin komai ya kwana lafiya, domin ƙuri'arsa tana ɓacewa cikin ta saura, kuma ba shi za a nema ba ranar da albashi ya makara.

Ɗan Republican ne shi, gundumar kuwa ta ’yan Democrat ce tun kaka da kakanni. Da ba don fushin fansho ba, da wuya ya ga kujerar. Ya ci zaɓen Afrilun 2002 da alkawari mai sauƙin riƙewa: ba zai ƙara harajin gidaje ba. Ya kuma riƙa mayar wa baitulmali dala 60,000 daga albashinsa duk shekara, daga baya ya rage abin da yake mayarwa zuwa 10,000.

Yadda ya cika alkawarin ya cancanci a dube shi da kyau, don a nan wayon siyasar yake. Duk shekara sai ya kawo kasafin da bai ƙara haraji a kan na bara ba. Majalisar gunduma ta duba, ta ga za a yanke hanyoyin bas ko a rufe wurin ninƙaya, sai ta ƙara kuɗi. Walker ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tara kashi biyu cikin uku ta danne shi. Haraji ya hau, sunansa bai ɓaci ba. Shekara mai zuwa kuma daga sabon adadin zai fara lissafi. Magoya bayansa na cewa ba don shi ba da ƙarin ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Masu suka kuwa suna nuna yatsa ga kuɗin bas da ya hau, da hanyoyin da aka soke, da gyare-gyaren gine-gine da aka yi ta ɗagewa. A ganina ɗabi'ar ɗan majalisa ce ya shigo da ita ofishin zartarwa: ya ce a'a da ƙarfi, wani ya ɗauki laifin i. Ta kuwa yi masa rana, domin an sake zaɓensa a 2004 da 2008. Ramin fanshon dai bai cike ba, har a 2009 gunduma ta ciyo bashin dala miliyan 400 don ta rage giɓin.

Sauran tarihinsa sananne ne. Ya zama gwamna a zaɓen 2010, a 2011 ya kawo dokar da ta karya ƙarfin yawancin ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan gwamnati wajen ciniki kan haƙƙoƙinsu, sanatocin Democrat 14 suka tsallaka jihar Illinois don kada zama ya yiwu, dubban mutane suka mamaye harabar majalisa a Madison. A 2012 ya zama gwamna na farko a tarihin Amurka da ya tsallake zaɓen kiranye, sai a 2018 Tony Evers ya kayar da shi. Abin da ya shafi gunduma a ciki shi ne kasafinsa na 2011, wanda ya rage kason da jiha ke ba ƙananan hukumomi, ya kuma ƙara ɗaure musu hannu kan harajin gidaje. Mutumin da ya san ciwon kujerar daga ciki shi ya ƙara ƙuntata ta.

Bayan shekara tara na attajiri Chris Abele a kujerar gunduma, sai David Crowley ya zo. Ya tashi a unguwar baƙaƙen fata ta arewacin Milwaukee, inda talauci da ɗauri suka yi katutu, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin yadda aka sha korar iyalinsu daga gidan haya, da yadda iyayensa suka yi fama da shaye-shaye. Ya yi aikin wayar da kan matasa, ya yi wa wata ’yar majalisa hadimi, sannan ya shiga majalisar jiha a 2017, cikin marasa rinjaye. Zaɓensa na shugaban gunduma ya faɗo ranar 7 ga Afrilun 2020, korona na tsakiyar tashe. Birnin da ya saba buɗe rumfunan zaɓe kusan 180, biyar kacal ya buɗe ran nan, mutane suka yi sa'o'i a layi da takunkumi a fuska. Ya kayar da Chris Larson, ɗan majalisar dattawan jiha, da tazarar ƙuri'a kusan dubu ɗaya. Yana da shekara 33 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa a ofishin, kuma mafi ƙarancin shekaru. Shi ma, kamar Walker, ba shi da digiri lokacin, yana kan kujerar ya koma aji ya kammala.

Ya tarar da fansho na cinye kaso mai tsoka na kasafi, ga shi ba shi da ikon ƙirƙiro haraji. Gunduma a Amurka ’yar jiha ce, abin da majalisar jiha ta ba ta shi ne nata. Wanda ya bi shari'ar cin gashin kan ƙananan hukumomi da Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke a Yulin 2024 ba zai ji wannan baƙo ba, bambancin dai shi ne can ba a riƙe maka kuɗinka, hana ka neman ƙari ake yi. Makullin baitulmalin Milwaukee yana Madison, wato zauren da Crowley ya baro.

Nan shekarunsa na majalisa suka yi amfani. Wanda ya zauna cikin marasa rinjaye ya san ba a samun komai da ɗaga murya, sai da zarya ofis-ofis da haƙurin sauraron wanda ba ya ƙaunar garinku. Shi da magajin garin Milwaukee, Cavalier Johnson, suka yi ta kai-komo wurin Robin Vos, kakakin majalisa ɗan Republican, har a Yunin 2023 Gwamna Evers ya sa hannu a dokar da ta ƙara wa dukkan ƙananan hukumomin jihar kaso, ta kuma yarje wa gundumar ta ɗaga harajin saye daga kashi 0.5 zuwa 0.9 cikin ɗari. Ba kyauta aka ba su ba. An gindaya cewa kuɗin bashin fansho zai fara biya, kuma sababbin ma'aikata tsarin fansho na jiha za su shiga, tsohon asusun gunduma ya daina karɓar kowa. Birnin ma ya samu nasa harajin na kashi 2, da sharuɗɗa masu ɗaci kan ’yan sanda da wasu shirye-shiryensa, abin da ya sa wasu ’yan jam'iyyarsu suka ce an sayar da ’yancin gari. Majalisar gunduma ta amince a watan Yuli, haraji ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, a Afrilu kuma aka sake zaɓen Crowley da gagarumin rinjaye.

Harajin saye ba ya tambayar mai kuɗi ko talaka, kuma ya fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, wato mutanen unguwar da Crowley ya fito. Matar da ta sayi takalman yara na dala 100 a cikin birnin a Disambar 2023 ta biya harajin dala 5.50. Da ta bari sai Janairu, 7.90 za ta biya, kuma santi 40 na ƙarin na gunduma ne, akasari don alkawarin da aka ɗauka a 2000.