Ruwa Ba Ya Sallama In Zai Ci Yaro

Wanda ya ratsa ƙasar El Allassane Maïreyrey a watan Afrilu, in aka ce masa ruwa yana cin yara a nan, dariya zai yi. Ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mayahi ta jihar Maradi, ba nisa da ƙasar Tasawa. Ko'ina jigawa ce da rairayi, ruwan sha ma sai an zura igiya mai tsawo kafin guga ya taɓo shi. To amma ya dawo a watan Agusta ya gani. Kowane kwari ya zama tabki, ramukan da aka haƙa da rani don buga tubali sun cika sun batse. Yaron da ya yi wata takwas bai ga ruwan da ya wuce na randa ba, sai ya wayi gari ga kududdufi a bayan dangar gidansu. Kuma a daidai wannan lokaci ne manya suke gona.

Ambaliyar 2024, wadda ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kowa ya ji labarinta a rediyo. Yaron da ya zame a bakin tabki da hantsi kuwa, labarinsa ba ya wuce zaman makoki. A ce tsautsayi ne, ko a ce mutanen ruwa ne suka ja shi, a yi addu'a a tashi, ramin yana nan yana jiran damina mai zuwa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2024 ya kiyasta cewa ruwa ya ci mutum 300,000 a shekarar 2021, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan mace-macen, in aka auna da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya. A Afirka kashi 3 kacal. Ba ruwanmu ne ya fi na kowa mugunta ba, abin da ke tsakanin yaro da ruwa ne ya yi mana ƙaranci.

Dalili yana cikin halittar yaron. Ɗan tatata kansa ya fi ƙarfin jikinsa, da ya leƙa baho ko bokiti sai kan ya rinjaye shi, kuma ba shi da ƙarfin da zai ɗago. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa, muddin ya rufe hanci da baki. Ba ya ihu, don bakin da zai yi ihu da shi ruwa ya cika shi. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure rashin iska: minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa. Uwa ta shiga ɗaki ɗauko kanwa, ta tsaya amsa gaisuwar maƙwabciya, lokacin ya cika.

Yaran da suka tasa, ƴan kiwo da masu zuwa wanki, nasu haɗarin daban ne. Kududdufin tubali ba kamar tabkin Allah ba ne mai gangarowa a hankali. Gefensa a yanke yake, taki ɗaya ruwa iya gwiwa, taki na biyu ya shanye mutum. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan kuma jajir, ba a ganin abin da ke ciki. Wannan riƙon ne ake cewa hannun aljani. Yaro mai farfaɗiya kuwa, ko ya iya iyo, bai kamata ya je bakin ruwa shi kaɗai ba.

Masu kuɗin da ke gina wurin iyo a cikin gidajensu sun sha irin wannan ɗacin. A Faransa sai da aka yi doka a Janairun 2003, ta tilasta wa mai irin wannan wuri ya sa masa kariya: shinge, ko murfi, ko rumfa mai rufewa, ko na'ura mai ƙara in wani abu ya faɗa. Shingen ba ya gaza mita 1.10, da ƙofar da yaro ba zai iya buɗewa ba. Mu ba mu da wurin iyo, amma hikimar ɗaya ce, kayan aikin ma muna da su. Manomin da ya san yadda zai kewaye garkarsa da ƙaya don akuya, ba za a koya masa kewaye rami don ɗansa ba. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi mai nauyi. A rufe tano da randa. An gama wanki, a zubar da ruwan a kife bahon. Ramin da aka gama ɗibar ƙasa a cikin gari, maigari da magajin gari su sa a cike shi ko a killace shi tun kafin ruwan shuka.

Shinge kaɗai bai isa ba, sai da ido. Mukan ce ɗa na kowa ne, to a bakin ruwa nan ne wannan magana take cutar mu, don kowa yana zaton wani na duba. Yarinya ƴar shekara bakwai da aka goya wa ƙane ba mai tsaro ba ce, ita ma tsaron take bukata. A ƙauyukan Bangladash, inda ruwa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara, an lura abin ya fi faruwa da safe zuwa azahar, lokacin da iyaye mata ke tsakiyar aiki. Sai aka kafa wuraren reno da ake kira Anchal: mace ɗaya da mataimakiyarta su riƙe yaran unguwa daga ƙarfe tara zuwa ɗaya. Bincike ya nuna haɗarin ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari ga yaran da ke zuwa. Matan da suka iya tafiyar da adashi shekara da shekaru, ba za su kasa tsara karɓa-karɓar reno na wata uku na damina ba.

In kuma abin ya faru, wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa, gawa ta zama biyu. A miƙa sanda, a jefa igiyar guga ko bido maras komai da aka toshe bakinsa. In an fito da yaro, a daina ɗaga shi ta ƙafafu ana jijjigawa, a daina danna masa ciki: ɓata lokaci ne, yana kuma iya tura amai cikin huhu. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau talatin, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya ruga neman taimako. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo yana wasa, a kai shi gidan likita, don ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. A ƙasar Mayahi da Tasawa, ranar tana zuwa ne gero ya kai gwiwa, tabkuna sun riga sun cika. Aikinmu na watan Mayu ne, lokacin da ramin yake a bushe, kowa yana ganin zurfinsa da idonsa.