Kumfa Mai Kyau, Aski Babu Rauni

Ya kai ɗan'uwa mai nema, ko kana cin kasuwar Jibiya da Maraɗi, ko ta Illela da Birnin Ƙonni, aski abu ne da ba ka rabuwa da shi. Sau da yawa cikin gaggawa ake yin sa: a shafa ruwa, a goga sabulu sau ɗaya, a ɗora reza. A wurin aikina na kiwon lafiya na sha ganin abin da ke biyo baya, wato ƙeya cike da ƙuraje, haɓa mai tsattsagewa, wani lokaci har da miki mai ruwa. Mafi yawansu da an tsaya an haɗa kumfa yadda ya kamata, da ba su kai haka ba.

Mene ne aikin kumfa?

Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai. Idan ya sha ruwa na minti 2 zuwa 3, sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba tare da an danna ba. Kumfa ita ce ke riƙe ruwan nan a jikin gashi har a gama, kuma tana sa santsi tsakanin ƙarfe da fata. In babu ita, reza ba gashi kaɗai take ɗauka ba, har saman fata take kankarewa, ta bar ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani. Ta irin waɗannan ƙofofi ƙwayoyin cuta ke shiga jiki.

Sabulun aski an yi shi ne domin kumfarsa ta yi kauri kuma ta daɗe ba ta bushe ba. In ba ka same shi ba, sabulun wanka marar kaifi zai wadatar. Amma ka guji sabulun wanki da garin wanki, domin suna ƙona fatar da reza ta bi ta kanta.

Yadda za ka haɗa ta

Da farko ka wanke hannu, ka wanke wurin da za a aske. Jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ka ɗora a wurin na minti 2 ko 3. Ka tsoma burushin aski cikin ruwan ɗumi, sa'an nan ka yarfe shi har ya daina ɗiga.

Murza burushin a kan sabulu kamar rabin minti, har bakinsa ya ɗauki sabulu sosai. Daga nan ka koma cikin ƙaramin kwano, kana juyawa kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo da yatsa. A nan ne gwaninta take. Idan ka ga manyan ƙwayoyin kumfa suna fashewa kamar ta wanki, ruwa ya yi yawa, sai ka ƙara sabulu. Idan ta yi danƙo tana bushewa a fata, ƙishi take ji, sai ka ƙara ruwa. Kumfar da ta ƙosa kamar kindirmo take: mai kauri, mai sheƙi, ba ta zuba daga burushi. Murza ta tsakanin yatsu biyu, in ka ji santsi, to ta yi. Wanda ba shi da burushi yana iya haɗawa a tafin hannu, sai dai zai ɗan daɗe.

Wani lokaci laifin na ruwa ne. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da ma'adinan da ke kashe kumfa. In haka ruwan garinku yake, ka ƙara yawan sabulu, ko ka yi amfani da ruwan sama da aka tafasa ya huce.

Shafa kumfar ko'ina, sa'an nan ka bi gashi ta inda ya kwanta, kada ka tare shi. Gashinmu mai murɗewa ne. In an yanke shi ƙasa da fata, sai ya lanƙwasa ya soki fatar yayin tsirowa, kuma wannan shi ne asalin ƙurajen aski. Kada ka ja fata da ƙarfi, kada ka maimaita wurin da babu kumfa. In ka gama, ka wanke da ruwan sanyi, ka shafa man kaɗanya, musamman lokacin hunturu. Ɗauraye burushin, ka ajiye shi inda zai sha iska ya bushe.

Abin da kumfa ba za ta yi maka ba

Kumfa tana rage yanka, amma ba ta tsarkake rezar da ta taɓa jinin wani. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe, kuma mai ɗauke da ita yakan yi shekaru bai sani ba. Saboda haka, ko a gida ko a rumfar wanzami, a buɗe sabuwar reza a gabanka, a kuma jefa tsohuwa cikin gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba. Kada ku yi tarayya a burushi ko tsumma da mai makero ko ƙuraje.

Ke ma uwargida, wannan magana ta shafe ki. Ranar suna, ki tabbata da sabuwar reza za a aske jariri, kuma an jiƙa kansa da kyau. Kafin nan ma, a kai shi asibiti ya karɓi allurar rigakafin ciwon hanta, wadda aka fi so a yi cikin awa 24 da haihuwa.

Idan wurin aski ya kumbura, ya yi zafi, ko ya fara fitar da mugunya, kada ka matse shi, kada ka sake bi da reza. Je ɗakin shan magani mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka kake. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Minti 5 da za ka ba kumfa da safe ba za su hana ka ciniki ba, amma miki a wuya yana iya hana ka kasuwar mako guda.