Hanyar da Rubutu Ke Bi Kafin Ya Zama Littafi

A kusan kowane gari da ƙauye na jihar nan akwai mutumin da ke da rubutu ajiye a cikin akwati. Wani malamin firamare ne da ya shafe shekaru yana tattara tarihin kafuwar garinsu daga bakin dattawa, wata matar aure ce da ta cika littattafan rubutu uku da ƙagaggen labari, wani kuma almajirin ilimi ne da ya tsara waƙoƙin wa'azi da ajami. Akasarin waɗannan rubuce-rubuce ba sa isa hannun mai karatu, har gara ta cinye su ko ruwan damina ya lalata su. Tambayar da masu su suka fi yi ita ce, ina ake kai rubutu a buga shi, kuma nawa ake biya? An shirya wannan bayani ne dominsu, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya waɗanda irin waɗannan bayin Allah kan tunkara da neman taimako.

Duk mai shakkar ko rubutunsa zai samu karɓuwa, ya waiwayi tarihi kaɗan. A shekarar 1933 ne Dokta R. M. East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A lokacin Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ne kacal, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausar boko da zai duba ya kwaikwaya. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed bayan wata gasa da ya shirya. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya daga buga labaran Hausa, sai marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da daga baya aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. A cikinsu akwai Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, amma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ya kai ga an fassara shi zuwa Turanci an buga shi a ƙasar Indiya a 2012. Saboda haka ƙarancin karatun boko ko zama nesa da birni bai isa ya hana kowa ba.

To amma abin da ya fi kayar da sababbin marubuta shi ne gaggawa. Da zarar mutum ya rubuta shafin ƙarshe sai ya fara neman maɗaba'a, alhali kuwa a nan ne rabin aikin ya fara. Abin da ya dace shi ne a ajiye rubutun na wata ɗaya ko biyu, sannan a ɗauko shi a karanta da babbar murya tun daga farko. Kunne yakan kama abin da ido ya tsallake: maimaici, da jimlar da ta yi tsawo har ma'anarta ta ɓace, da wurin da sunan mutum ya sauya a tsakiyar labari. Bayan haka sai a ba mutum biyu ko uku su karanta, kuma kada a zaɓi waɗanda za su ji nauyin faɗar gaskiya. Malamin Hausa na sakandaren da ke kusa ya fi amfani a wannan aiki a kan aboki ko ɗan'uwa da zai ce komai ya yi kyau.

Batun ƙa'idojin rubutu kuwa, a nan ne rubuce-rubuce da dama ke zubar da mutuncinsu tun a shafin farko. Haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y, ba ado ba ne, domin su ne ke raba "kafa" da "ƙafa", su raba "baki" da "baƙi". Haka nan raba kalmomi da haɗa su yana da doka: ana rubuta "ya zo" da "za mu" a rabe, ana rubuta "yana" da "sukan" da "gidansa" a haɗe, kuma "a kan tebur" daban yake da "akan yi haka". An daɗe ana zama a kan waɗannan ƙa'idoji, tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, don haka ba abin da kowa zai yi yadda ya ga dama ba ne. Wanda yake shakkar wata kalma ya duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006. Karin harshen yanki, kamar Sakkwatanci ko Katsinanci ko Guddiranci, yana ƙara wa labari armashi idan aka sa shi a bakin mutanen da ke cikin labarin, amma bayanin marubuci ya fi dacewa ya kasance da daidaitacciyar Hausa. Wani abin lura kuma shi ne, yawancin masu buga rubutu a kwamfuta a shagunan gari ba su saba da haruffa masu lanƙwasa ba. Dole marubuci ya nemi a sa su, kuma ya zauna ya bi abin da aka buga layi-layi, ya karɓi kwafinsa a waya ko a imel kafin ya bar shagon.

Daga nan sai a zo ga bambancin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda kuma rashin saninsa ya jawo wa wasu asarar kuɗin amfanin gona na shekara guda. Maɗaba'a daban, kamfanin wallafa daban. Maɗaba'a injin bugu gare ta. Kai za ka biya, ta buga maka abin da ka kawo da kurakuransa, ta miƙa maka kayanka, cinikinku ya ƙare. Kamfanin wallafa kuwa shi ne ke duba rubutu ya ga ko zai sayu, idan ya karɓa ya sa edita ya gyara, ya biya kuɗin bugu, ya rarraba littafin a kasuwa, sannan ya riƙa ba marubuci wani kaso daga cinikin, wanda bisa al'ada yakan kama kusan kashi goma cikin ɗari. Ke nan duk wanda ya kira kansa kamfanin wallafa amma ya ce marubuci ne zai biya komai, to aikin maɗaba'a yake yi, sai a yi ciniki da shi a kan haka. Gaskiyar magana ita ce kamfanonin wallafa sun fi karkata ga littattafan da makarantu za su saya, kuma sukan ɗauki watanni kafin su ba da amsa. Wanda aka mayar wa da rubutunsa kada ya karaya, sau da yawa dalilin na kasuwa ne. Kuma kada a taɓa aika kwafi ɗaya tilo da ake da shi.

Idan kamfani ya karɓi rubutu, to kada a wadatu da alkawarin baki, ko da mai kamfanin sananne ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi cewa marubuci ya mallaki aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato abu ne da magada za su ci gajiyarsa. Sayar da wannan haƙƙi ko miƙa shi kacokan ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Don haka a karanta yarjejeniya da natsuwa, a ga ko aron haƙƙin ake yi na wasu shekaru ko sayarwa ce ta har abada, da yawan kwafin da za a buga, da lokacin da za a riƙa biyan kason marubuci, da kuma wanda ke da iko idan aka so mayar da labarin fim ko karanta shi a rediyo. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda littattafai da dama suka zama fina-finai. Mai son ƙarin hujja yana iya yi wa aikinsa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

Mafi yawan marubutanmu dai da kansu suke buga littattafansu, kuma babu aibi a cikin hakan in an yi lissafi. A injin bugu na faranti, kuɗin shirya farantin ɗaya ne ko kwafi 200 za a buga ko 2,000, shi ya sa farashin kowane kwafi ke sauka idan adadin ya ƙaru. Wannan ne ke ruɗar mutane su buga dubbai, daga baya littattafan su zama matattarar ƙura a ɗaki. Ga mai farawa, gara ya buga kaɗan a injin zamani mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ko da kowane kwafi ya fi tsada, ya gwada kasuwa tukuna. Ana buga shafuka ne a kan babbar takarda a naɗe ta takwas-takwas ko sha shida-sha shida, don haka littafi mai shafi 96 ya fi mai shafi 100 sauƙin kuɗi. A nemi farashi a maɗaba'a uku, a ga samfurin takarda da na bango da ido, a rubuta ranar karɓar kaya, kuma kada a biya kuɗi duka kafin a ga kwafin gwaji a sa masa hannu.

Akwai lambar shaida ta duniya da ake kira ISBN, mai alƙaluma 13 tun daga 2007, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, kuma yana da rassa a jihohi da dama. Littafin da ba shi da ita yakan sha wuyar shiga manyan kantuna da ɗakunan karatu na jami'o'i. Haka kuma dokar 1970 ta wajabta wa mai wallafa littafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku a wannan ɗakin karatu. Wasu na ganin wannan asara ce, alhali ita ce hanyar da za a samu littafin bayan shekara hamsin. Wanda kuma zai buga ko ya sayar a Jihar Kano, ya nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001.

Sayarwa ta fi bugawa wuya. 'Yan sari kan karɓi littafi ne a kan sai an sayar a biya, don haka a rubuta adadin da aka ba kowa, a riƙa bibiya. Bikin ƙaddamarwa yana iya mayar da kuɗin bugu, amma ba kowane alkawarin da aka yi a gaban lasifika ake cikawa ba, kada a ci bashi a kansa.

A yau marubuta da yawa, musamman mata, suna fitar da labaransu kashi-kashi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu ma suna karɓar kuɗi daga masu karatu kai tsaye. Hanya ce mai sauƙi ga wanda ke karkara, tana kuma nuna wa mutum ko labarinsa na jan hankali kafin ya kashe ko kwabo. Illarta ita ce saurin satar fasaha, sannan dandalin intanet yana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da yawa suka dogara da shi, ya rufe a ƙarshen 2023. Gasa ma ƙofa ce: Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata a 2016. Shiga ƙungiya irin ta Marubutan Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981 kuma take da rassa a jihohi, yana haɗa sabon marubuci da waɗanda suka riga shi sanin hanya.

Masu rubuta tarihin gari ko na sarauta suna da ƙarin nauyi a wuyansu. Labarin da aka ji daga baki ɗaya bai isa a buga shi a matsayin tabbas ba, musamman inda gidajen sarauta biyu ke da ruwaya mabambanta. A rubuta sunan wanda ya ba da kowane labari da ranar da aka zanta da shi, inda aka saɓa kuma a kawo ruwayoyin duka. Abin da aka buga a kan mutum ko zuriyarsa ba tare da hujja ba yana iya kai marubuci gaban alƙali, ya kuma tayar da husumar da aka daɗe da binnewa.

Su kuwa shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da hakimai da dagatai, taimakon da ya fi amfani ba lallai ne ya zama na kuɗi masu yawa ba. Ana iya haɗa marubuci da malamin Hausa da zai duba masa aiki, ko a ba shi damar amfani da kwamfutar ofis, ko a rubuta masa takardar gabatarwa zuwa ga dattawan da zai yi hira da su. Sayen kwafi hamsin a raba wa makarantu da azuzuwan yaƙi da jahilci ya fi wa marubuci da al'umma amfani a kan gudummawar da za a sanar a taro. Idan kuma aka ci karo da tsofaffin takardun ajami ko na Larabci a gidan wani malami, kada a raba iyalan da su. A nemi izininsu a ɗauki hoton kowane shafi, a bar musu asalin, sannan a tuntuɓi cibiyoyin da suka ƙware a adana irin waɗannan takardu, kamar Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.