Tsofaffinmu da cutar da ba ta warkewa rana ɗaya

Akwai ciwon da ake shan magani kwana 3 ya wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma wanda in ya kama mutum, sai dai a zauna da shi ana lallashinsa har ƙarshen rai. Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari, da ciwon gaɓoɓi suna cikin irin wannan. Binciken da aka yi a Nijar a 2007 ya nuna kusan baligi 1 cikin 5 yana da hawan jini. Tsofaffi ne suka fi kamuwa, kuma da yawansu ba su sani ba.

A ƙasar Arewa, tsofaffi biyu kan kamu da ciwo iri ɗaya. Ɗaya ya shekara 10 yana zuwa gonarsa, ɗaya kuwa damina guda ta kwantar da shi. Me ya bambanta su?

Sau da yawa nisa ne. Mazaunin garin Dogondutsi yana da babbar likita da gidan sayar da magani kusa da shi. Na Tibiri, wadda ta zama gunduma a 2011, ko na Gesheme, ko na Matankari, zai samu inda za a auna jininsa. Amma dattijon da ke wani tungar Dogonkiriya ko Sukukutan sai ya hau amalanke ko babur cikin rairayi. Mai ciwon gwiwa ba ya yin wannan tafiya kowane wata.

Sai maganar kuɗi. Tun 2006 ana duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, tsofaffi kuwa ba sa cikin wannan tsari. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya da rabi a likitocinta, an kuwa samu sauƙi. Duk da haka ƙwayar tansiyo kullum ake shan ta, kowane wata sai an saye ta. Bayan kaka, da hatsi a rumbu da wake a buhu, maganin yana sayuwa. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maganin tsoho ne ake fara yankewa. Nan haɗarin yake. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ji garau, ya ajiye ƙwaya, wata safiya a tarar rabin jikinsa ya shanye.

Wa ya rage a gida? Da an gama girbi, samari sun tafi cin rani Nijeriya, ko Kwatano, ko Abijan, wasu har Libiya. Kuɗin da suke aikowa ta Nita ko Al Izza yana sayen magani, gaskiya ne. Amma kuɗi ba ya ɗora tsoho a kan babur, ba ya tuna masa ranar komawa awo. Aikin yakan faɗa kan suruka, wadda ga daka, ga rijiya, ga goyo.

Tsofaffin mata sun fi shan wuya, a ganina. Dattijo yana da gona da bisashe, in ya matsu ya sayar da akuya. Gwauruwar da mijinta ya rasu sai abin da aka ba ta, kuma kunya ba ta barin ta roƙi ɗanta sau biyu a wata ɗaya. In an tambaye ta jiki, sai ta ce da sauƙi. Matan da ke cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, sun fi samun abin sayen maganinsu ba tare da roƙo ba.

Ga kuma takardar magani, da Faransanci ake rubuta ta. Yawancin iyayenmu ba su shiga lakwal ba. Kai da ka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, nan amfaninka yake. Ka raka su, ka tambayi malamin likita da Hausa, ka rubuta amsar a littafinka. Ka zana rana a jikin ƙwayar safe, ka zana wata a jikin ta dare. Ka rubuta awon jinin duk zuwa. In kullum yana kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ya hau ke nan.

A Arewa, in jiki ya shanye, da yawa sukan ce iska ce, a nufi gidan boka ko ƴan bori. Ba na zagin abin da muka gada. Roƙona shi ne kada a ajiye ƙwaya saboda an karɓo saiwa. A kuma kiyayi ƙwayoyin ƴan tebur na kasuwa. Wasu magungunan ciwon gaɓoɓi da suke sayarwa suna ƙara hawan jini, suna ɓata ƙoda.

Tukunya ɗaya ake dafawa a gida, tsoho ba zai ce a ware masa tasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi shi ma gishiri ne. Uwargida ta rage su a miyar kowa, ta ƙara daddawa da zogale. Mai ciwon sukari ya bar zuba sukari a fura da shayi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaya kan soke shi a gona bai ji ba. Kafin azumi kuma, a kai shi likita a tambaya ko jikinsa zai ɗauka, da yadda zai canza lokacin shan maganinsa.