Daga takardar haihuwa zuwa fasfo: Yadda takardun shaida da na tafiye-tafiye ke aiki a Najeriya

Unguwar Yelwa da ke kan hanyar Dass a birnin Bauchi unguwa ce ta ɗalibai. Nan ne tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, ga Kwalejin Aikin Gona ta jiha, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, maƙwabciyarta. A irin wannan wuri, da zarar lokacin rajistar jarrabawa ko na yi wa ƙasa hidima ya kama, shagunan kwamfuta kan cika da masu buga takardu da masu neman gyara. Galibin masu neman gyaran matsalarsu iri ɗaya ce: abin da ke kan wannan takarda ya saɓa wa abin da ke kan waccan. Harafi ɗaya a suna, ko shekara ɗaya a ranar haihuwa, ya isa ya hana ɗalibi zama jarrabawa, ko ya hana maniyyaci fasfo.

Dalili kuwa shi ne takardun shaida a ƙasar nan tamkar tsani suke, kowace a kan 'yar'uwarta take tsaye.

Matakin farko shi ne takardar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasa ta fito ne a 1992. Waɗanda aka haifa kafin nan, da ɗimbin waɗanda aka haifa a gida bayan nan ba tare da an kai su rajista ba, sukan dogara da takardar rantsuwar shekaru daga kotu da kuma takardar tabbatarwa daga hukumar. Daga nan yawancin rikicin ke farowa. Mutumin da iyakar abin da ya sani shi ne an haife shi "da kaka, shekarar da aka kashe Murtala" zai zaɓi rana ne kawai, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a takardun mutanenmu. Idan ya zaɓi wata rana a makaranta, ya zaɓi wata dabam a banki, ya haƙa wa kansa ramin da sai bayan shekaru zai faɗa ciki.

Mataki na biyu shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wannan ba gwamnatin tarayya ke bayar da ita ba. Ƙananan hukumomi 774 ne, kowace da nata sharuɗɗan, galibi bayan mai unguwa ko hakimi ya shaidi mutum. Abin da take nunawa shi ne inda iyaye da kakanni suka fito, ba inda aka haifi mutum ko inda yake zaune ba. Yaron da aka haifa a Yelwan Tudu, ya yi firamare da sakandare a nan, bai san wani gari ba, idan mahaifinsa mutumin Pankshin ne ko Gaya ko Onitsha, can za a tura shi ya karɓo. Tushen abin yana cikin tsarin raba daidai da kundin tsarin mulkin 1979 ya shigo da shi, wanda ya sa ake raba guraben aiki da na karatu bisa jihohi. An daɗe ana muhawara kan adalcin wannan tsari ga waɗanda suka zauna a gari tun kaka da kakanni, amma har yanzu mai neman fasfo ba ya tsallake ta.

Sai babbar lamba, wato NIN. Yunƙurin samar wa 'yan Najeriya katin ɗan ƙasa ya faro tun ƙarshen shekarun 1970, aka yi ta faɗi-tashi. Katin da aka yi wa mutane rajistarsa a 2003, wanda kamfanin Sagem na Faransa ya yi kwangilarsa, ya ƙare da badaƙalar cin hanci. A 2007 aka kafa hukumar NIMC da doka, kuma ta sauya tunanin gaba ɗaya: maimakon kati, lamba ce shaidar. Lambar tana da alƙaluma 11, ana ba mutum ita sau ɗaya a rayuwarsa bayan an ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa goma, an kuma gwada su da na duk waɗanda ke cikin rumbun bayanai don kada mutum ɗaya ya mallaki lamba biyu. Rajistar farko kyauta ce, kuma har yara ana yi wa. 'Yar takardar da ake miƙa wa mutum bayan rajista tana iya ɓata ko ta yage, lambar tana nan.

Shekaru da dama mutane ba su damu da ita ba, sai a Disamban 2020, lokacin da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da NIN. A 2021 hukumar JAMB ta sa ta cikin sharuɗɗan rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu, a Afrilun 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Kafin ƙarshen 2023 waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 100.

Wajibi ne a bambanta NIN da BVN, domin ita ma alƙaluma 11 gare ta, kuma mutane kan rikita su. BVN ta bankuna ce, Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014. Katin zaɓe na hukumar INEC ne, lasisin tuƙi kuma na Hukumar Kiyaye Haɗurra. Dukkansu ana karɓarsu a matsayin shaida a cikin gida, amma babu wanda zai fitar da mutum ƙasar waje.

Inda tsarin ya fi takura Bahaushe shi ne wajen suna. Fom ɗin gwamnati an gina shi ne bisa al'adar Turawa: sunan yanka, sunan tsakiya, sunan dangi wanda ake gada. Bahaushe kuwa a al'adance ba shi da sunan dangi. Sunan mahaifi yake ɗorawa a kan nasa, wanda ke sauyawa daga wannan zuriya zuwa waccan, ko kuma sunan garinsu, kamar yadda makarantun boko na zamanin Turawa suka saba wa ɗalibai. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Don haka mutum ɗaya yana iya zama Musa Ibrahim a takardar firamare, Musa Ibrahim Dass a ta sakandare, Ibrahim Musa a banki saboda ma'aikaci ya juya gurbi. Ga kuma rubutun suna: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, duk mutum guda ne a wurin jama'a, amma mutum huɗu ne a wurin kwamfuta. Mace kuma idan ta yi aure ta ɗauki sunan miji a wata takarda ta bar na mahaifi a wata, ita ma ta shiga wannan layi. A da, ma'aikaci kan duba fuska ya yi uzuri. Yanzu na'ura ce ke gwada bayanai da bayanai, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIMC yana yiwuwa, amma da kuɗi, da takardun kotu, da jira. Abin da ya fi sauƙi shi ne iyaye su tsayar wa yaro suna ɗaya da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa.

A saman tsanin ne fasfo yake. Hukumar Kula da Shige da Fice, wadda aka cire daga rundunar 'yan sanda a 1958, ita ke bayar da shi: kore ga sauran jama'a, shuɗi ga jami'an gwamnati da ke tafiyar aiki, ja ga jakadu. Tun 2007 Najeriya ta koma fasfo mai ɗauke da ɗan guntun na'ura a cikinsa, wanda ke adana hoto da bayanan mai shi bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ke Kanada. Layuka biyun nan masu cike da haruffa da alamomi a ƙasan shafin hoto su ne na'urar filin jirgi ke karantawa, a Kano ko a Jidda ko a Landan. A 2019 aka fito da sabon samfuri mai shekara 10. Mai shafi 32 yana aiki shekara 5, mai shafi 64 shekara 10, kuma daga 1 ga Satumban 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da 200,000. Ana cike fom da biyan kuɗi ta intanet, sannan mutum ya je ofishin fasfo a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Bayanan da za a buga daga NIN ake jawo su, shi ya sa kuskuren da ke can yake tsayar da komai a nan.

Fasfo shaida ce daga ƙasar mutum cewa nata ne. Izinin shiga wata ƙasa kuwa biza ce, kuma mai masauki ne ke da ikon bayarwa ko hanawa. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare. Alhazan da suka manyanta za su tuna da fasfon aikin Hajji na musamman da ake yi wa maniyyata a da. Saudiyya ta daina karɓar irinsa, yanzu fasfon kowa da kowa ake tafiya da shi.

Abin ba haka yake ba a zamanin fatake. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, shaidarsa madugu ne, da kuma mai masauki a zango wanda zai tsaya wa baƙo. Ragowar wannan 'yanci na zirga-zirga ita ce yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Sai dai rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Matafiyi yana buƙatar fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, wadda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa a kuɗin da bai kai na fasfo ba, kuma ya bi ta mashigar da hukuma ta amince da ita, kamar Jibiya ko Illela ko Maigatari. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025 ta jefa 'yan kasuwar kan iyaka cikin zullumi, amma ECOWAS ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, da barinsu shiga ba biza, har sai an fitar da sabon tsari.

Akwai kuma katin da matafiya kan manta da shi sai sun isa filin jirgi: katin rigakafin cutar shawara, mai launin ɗorawa. Mutanen Bauchi ba baƙin wannan cuta ba ne, domin ɓarkewar da aka samu a 2019 daga yankin Alkaleri da gandun dajin Yankari ta faro. Allura ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shaidarta tana aiki har ƙarshen rayuwa. Amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya je neman sa ana jibi tafiya ya riga ya makara.