Wane Ne Marar Aikin Yi?



A ƙididdigar watanni ukun ƙarshe na 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A watan Agustan 2023 hukumar ta sake fitar da rahoto, ta ce a farkon shekarar ya tsaya a kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'anar "marar aikin yi" aka sauya. A da, wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ke bin ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a cikin kwana bakwai ya zama mai aiki. Matashin da ya kammala jami'a, ya yi dakon buhu biyu a kasuwa ranar Laraba ya koma gida ya zauna, yanzu ba ya cikin lissafin. Shi ya sa muhawarar da ta biyo baya ta zama ta kurame: wani yana cewa an samu sauƙi, wani yana cewa ƙarya ake yi, alhali ɗaya da mudu yake awo, ɗayan da tiya.

Masu kare hukumar suna cewa sabon ma'aunin shi ne ƙasashe da dama ke amfani da shi, kuma da shi ne za a iya kwatanta Najeriya da maƙwabtanta. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai abin da aka samu wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, an rasa shi wajen kwatanta jiya da yau. Kamata ya yi a riƙa buga alƙaluman biyu tare na wasu shekaru, kowanne da bayaninsa. Wasu kuma na ganin talaka ba ruwansa da wannan ƙaƙale. Da ruwansa ƙwarai, domin da irin waɗannan alƙaluma ake tsara kasafin kuɗi da shirye-shiryen samar da aiki. Ɗan siyasa ko ɗan jaridar da ya jera 33.3 da 4.1 bai faɗi awoyin da ke bayan kowannensu ba, ya ɓatar da mai sauraronsa, ko da kuwa alƙaluman biyu duk na hukuma ne.